Cire filtar iska ba ya ƙara wa motar dizal ƙarfi

An daɗe ana yaɗa wata magana a gareji: wai idan babbar mota ta yi nauyi a hawan tudu, a cire filtar iska ko a huda akwatinta don inji ya sha iska. Direba kuwa da ya ji ƙarar inji ta ƙaru sai ya ɗauka ƙarfi ne ya zo. Ƙara ce kawai.

A injin dizal, yawan man da ake fesawa cikin silinda, wato inda man ke ƙonewa, shi ke kawo ƙarfi, iska kuma dama turbo, wato na'urar da ke cusa iska cikin inji, na tura ta fiye da abin da man yake buƙata. Filta mai tsabta ba ta shaƙe inji. Wanda ya huda akwati ma zafaffiyar iskar gefen inji yake jawowa, ita kuwa iska mai zafi iskar oksijin ɗinta ba ta kai ta mai sanyi ba.

Ɓarnar tana wajen ƙura, balle lokacin hunturu. Fankar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, ƙura na cinye bakin fukafukanta, sannan ta wuce ta goge ringi, wato zobban da ke jikin fistin, da bangon silinda. Daga nan sai shan baƙin mai da wahalar tashi da safe.

Idan mota na baƙin hayaƙi kuma ba ta ja, a duba ko filta ta toshe, a sake sabuwa. Hure ta da iskar kwamfuresa mai ƙarfi na iya yaga takardar da ke cikinta. A kuma duba robobin da ke tsakanin turbo da inji, don tsagewa kaɗan ta isa ta zubar da iskar.