Tsutsa ba ta yawa a gona haka kawai

'Yan'uwa manoma, babu halittar da ke zaune ita kaɗai a gona. Yawan kowacce yana hawa yana sauka ne gwargwadon abincin da ta samu, da ruwa da zafin shekara, da kuma yawan masu cin ta.

Ku tuna 2016. A shekarar ce tsutsar masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, ta ɓulla a Najeriya. A shekarar ce kuma tsutsar tumatir da muke kira Sharon ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Dukansu baƙi ne. Sun tarar da abinci a shimfiɗe, da damina a tudu, da rani a fadamun kogin Galma na Zariya, yawancin maƙiyansu kuwa sun baro su can gida.

Amma abin da ya fi damuna shi ne wanda muke yi da hannunmu. Ku fasa ɗakin laka na zanzaro ku gani: tsutsotsi ne cushe a ciki, ya tara wa 'ya'yansa. Rina da gizo-gizo da cinnaka ma aikinsu ke nan, kuma ba a biyan su ko sisi. Idan aka yi feshi barkatai, su ne a fili, su ke fara mutuwa, tsutsar kuwa tana ɓoye can cikin tsakiyar masara. Idan tsutsar ta girma ta yi fiffike, macenta guda tana iya saka ƙwai sama da 1,000, kuma cikin wata ɗaya lokacin zafi 'ya'yan sun isa saka nasu. Sai ta dawo kafin masu cin ta su farfaɗo. Wadda maganin bai kashe ba kuma ta haifi masu jure shi, shi ya sa za ka ji ana cewa magani ya daina ci.

Don Allah ku riƙa zagaya gona da sassafe tun masara tana ƙarama. Ku duba ganye mai huji, da kashin tsutsa mai kama da garin katako. Ƙwan da kuka gani a ganye, ku murje shi. In feshin ya zama dole, a yi da yamma, a saita bakin famfo cikin tsakiyar shuka, kuma kada a dawwama a kan magani iri ɗaya. A sa wake ko gyaɗa a tsakanin masara. Wanda ya ga ƙwaron da bai sani ba, ya sa shi a kwalba ya kai wa malamin gona ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kafin ya sayi magani.