Harbin kan mai uwa da wabi, da abin da bangon ɗaki ke iya tarewa

Da wuya mako ya wuce ba ka ji a labaran rediyo an ce 'yan bindiga sun buɗe wuta kan mai uwa da wabi ba. Wabi shi ne mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna rasuwa tun suna ƙanana, don haka wanda uwarsa ke wabi ana ganin ajali ya fi kusa da shi. Daga nan maganar ta samo asali: harbi ne da ba a auna kowa ba, duk wanda tsautsayi ya faɗa wa shi ke nan.

Abin da ke damuna shi ne yawancinmu mun ɗauka mutumin da ke waje kaɗai irin wannan harbi ke samu. Da an ji ƙarar bindiga sai a ruga ɗaki, a turo ƙofa, a tsaya bayan labule ana leƙe. Alhali maɓoya daban, mafaka daban. Maɓoya tana hana a gan ka, mafaka ce ke tsayar da harsashi.

Mu ɗauki AK-47, bindigar da Mikhail Kalashnikov ya ƙera a Tarayyar Sobiyat a 1947, wadda ita ce aka fi gani a hannun 'yan bindiga a yankunanmu. Harsashinta bai wuce giram 8 ba, amma yana fita da gudun mita 700 da ɗoriya a daƙiƙa guda, wato ya ninka gudun sauti sau biyu. Abu mai irin wannan gudu bai san ƙofar katako ba. Kwanon rufi, silin, katifa, firji, ƙofar mota, duk ratsa su yake yi ya wuce. A jikin mota ma injin ne kawai ke da kaurin ƙarfen da za a iya dogara da shi.

Bulon siminti shi ya fi yaudarar mutane, don ido na ganinsa da ƙwari. Amma ɗauki bulo ɗaya ka juya shi: cikinsa rami ne, gefe da gefe ɓawon siminti ne da kaurinsa bai fi yatsu biyu ba, balle an cika masa yashi an rage siminti. Harsashi kan shiga ta 'yar ƙaramar huda a waje, ya ɓarke ciki da ɓaraguzai masu yanka. Ginin ƙasa mai kauri irin na kakanninmu, wanda muke rainawa, ya fi shi riƙe harsashi, domin ƙasa a cunkushe take, tana cinye ƙarfinsa. Shi ya sa soja ke jera buhunan yashi a shingen bincike.

Harbin sama na murna shi ma bai tsira ba. Harsashin yana iya tafiya fiye da kilomita 2, kuma idan ya dawo yana da sauran ƙarfin huda kwano ya fasa kan yaron da ke barci.

Idan harbi ya tashi, a nisanci taga da ƙofa, a kashe fitila, a shige ɗakin da ya fi nisa da titi don bango biyu ko uku su shiga tsakani. A sauko daga gado a kwanta rubda ciki a ƙasa, a jawo yara a kwantar da su haka, kada a bar ko ɗaya ya miƙe sai ƙarar ta ɗauke.