Galamse da farfaɗo da ƙauyukan ƙasar Asante

Galamse shi ne haƙar zinariya ba da lasisi ba a Ghana. A yankin Asante ya fi ƙamari a gundumomin Amansie da Adansi da ke kudu da Kumasi, da kuma bakin kogunan Offin da Oda. Farfaɗowa a nan tana nufin aikin da mutanen ƙauye ke yi bayan mahaƙa sun kwashe kayansu sun ƙara gaba: cike ramuka, neman ruwan sha, gyara gona, da tsayawa gaban sarki ko gwamnati don kada a dawo.

Tarihi

Asantawa sun daɗe suna wanke zinariya a rafuka tun kafin zuwan Turawa, kuma garinta ne kuɗin da ake ciniki da shi a Kumasi. Fataken Hausa sun shigo wannan daji ne saboda goro, wanda suke ɗauka ta Salaga zuwa Kano. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da mamayar da Ingila ta yi wa Kumasi a 1896, da yawansu suka sauko kudu, zongon Kumasi ya cika.

A 1897 aka kafa kamfanin Ashanti Goldfields a Obuasi. Leburorinsa da dama daga arewa suka fito, wasu ma daga ƙasashen maƙwabta, su ne suka raya zongunan garuruwan ma'adinai, inda Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci. Dutsen Obuasi yana ɗauke da sinadarin asenik mai guba, kuma shekaru da dama ana gasa shi don a fitar da zinariya, hayaƙin yana sauka a kan gonaki da rafuka. Ke nan ɓarnar ta riga galamse na zamani.

Dokar gwamnatin soja ta PNDC mai lamba 218 ta 1989 ta halatta ƙaramar haƙa ga ɗan ƙasa mai lasisi, dokar ma'adinai ta 2006 kuma ta tabbatar da cewa baƙo ba ya samun wannan lasisi. Amma daga wajajen 2008, da farashin zinariya ya tashi, aikin ya bar hannun masu diga da shebur. Manyan motocin haƙa suka shigo, tare da injin da ake kira canfan, wanda ake ɗorawa a kan kogi yana zuƙo yashi daga ƙasansa. A 2013 gwamnatin John Mahama ta kori 'yan Sin fiye da 4,500. A 2017 shugaban ƙasa Nana Akufo-Addo ya dakatar da duk ƙaramar haƙa, ya tura sojoji da 'yan sanda, aka ɗage dakatarwar a ƙarshen 2018. Injinan dai sun ci gaba da aiki a hannun 'yan ƙasa.

Irin ɓarnar

Motar haƙa takan kwashe baƙar ƙasar sama ta binne ta ƙarƙashin tsakuwa da jan laka. Abin da ke saura shi ne ramuka masu zurfi da ke cika da ruwan sama, sauro ya hayayyafa a ciki, yara da awaki su faɗa. Mahaƙa suna murza zaiba cikin yashin da suka wanke don ta kama zinariya, sannan su ƙona dunƙulen a kan garwashi, sau da yawa a tsakar gida. Tururin yana shiga huhu, ragowar kuma ta bi ruwa ta shiga cikin kifi.

Ruwan Offin da Oda ya koma kalar shayi mai madara. A Agustan 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya ce gurɓacewar kogin Pra a tashar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin yawan laka cikin ruwa, alhali an gina tashar don 2,000. A Pra Offin ke zuba, kuma a saman Offin ne madatsar Barekese take, wadda ke ba Kumasi mafi yawan ruwan famfo.

Mai ƙasa da mai noma

Yawancin 'yan arewa da mutanen zongo da ke noman koko a waɗannan ƙauyuka ba su da ƙasar kansu. Suna aiki ne bisa tsarin abusa, inda mai kula da gona ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na amfani, ko abunu, inda ake raba biyu. Idan mai gona ya sayar wa mahaƙa, shi ke karɓar kuɗi a dunƙule. Wanda ya yi shekaru yana sassabe da feshi yakan tashi da abin da aka ga damar ba shi, wani lokaci sai dai ya wayi gari ya tarar da mota tana tumɓuke itatuwa. Daga nan ko ya shiga rami da kansa, ko ya tattara iyali ya koma wurin dangi a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi. A taron gari ma, baƙo yakan yi magana ne ta bakin sarkin zongo, wanda zai kai kuka gaban Nana, wato sarkin gari mai ƙasa.

Ƙungiyoyi da gwagwarmaya

Ƙungiyar WACAM, wadda aka kafa a 1998 a yankin Tarkwa, tana cikin na farko da suka koya wa manoma haƙƙinsu na diyya da yadda ake kai ƙara. Daniel Owusu-Koranteng da matarsa Hannah ne suka jagorance ta, kuma aikinta ya kai har ƙauyukan Obuasi. Ta yi fice bayan zubewar sinadarin sayanaid mai guba a Tarkwa a 2001. A 2017 kafofin yaɗa labarai suka haɗa kai suka yi gangamin yaƙi da galamse. A 2018 mutanen yankin Atewa, a gabashin ƙasar, suka taka da ƙafa zuwa Accra don kare dajinsu daga haƙar bauxite, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi.

Shekarar 2024 ta fi zafi. A Agusta Asantehene, wato sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, ya sauke wasu masu sarauta na Sabronum bisa zargin hannu a galamse. A Satumba aka kama masu zanga-zanga fiye da 50 a Accra, a Oktoba kuma cocin Katolika ta yi tattakin addu'a. Malamai a zongo sun ɗauki batun a huɗubar Juma'a, suna jan ayoyin da suka hana ɓarna a bayan ƙasa, ko da yake a cikin sahu akwai iyayen da kuɗin rami ne ke ciyar da gidajensu.

Ana zargin manyan jam'iyyun biyu da cin moriyar haƙar. Kowacce tana musantawa.

Gyaran ƙasa

Matakin farko shi ne cike rami, kuma ya fi ƙarfin aikin gayya, don sai an yi hayar irin motar da ta haƙa shi. Bayan an baje, akan zuba kashin kaji ko takin ɓawon koko, a shuka ciyawa mai yaɗo dangin wake don ta rufe ƙasa, sannan a dasa itatuwa masu saurin girma irin su akeshiya. Manoma sun fi son kwakwar manja, saboda tana jure ƙasa mara ƙarfi fiye da koko, kuma hukumar ma'adinai ta raba dashenta a gundumomi da dama. Masana a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, da cibiyar binciken ƙasa ta Kwadaso sukan ba da shawarar a gwada ƙasar kafin a mayar da rogo ko ganyen miya, domin suna iya zuƙar guba.

Ruwan sha yanzu a waɗannan ƙauyuka rijiyar burtsatse ce ko ruwan leda.

Halin yanzu

A 2025 gwamnati ta kafa hukumar sayen zinariya ta GoldBod, ta kuma ɗauki matasa masu gadin koguna. Ranar 6 ga Agustan shekarar, jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a Adansi Akrofuom ɗauke da mutum 8 da ke hanyar Obuasi don ƙaddamar da shirin haƙa ta haɗin gwiwa. Duka suka rasu, cikinsu har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed.