Waiwaye: wa ya kai kifi tafkin da ba rafi ba kogi?

Duk damina sai an tayar da wannan gardamar, yara su kamo tarwada a kududdufin bayan gari wanda ya bushe ƙaf tun watan Maris, wasu su ce daga sama kifin ya faɗo, wasu su ce tsuntsaye ne. To maganar ba yau ta fara ba.

Ta tsuntsaye tsohuwa ce, tun 1859 masanin halittu Darwin ya yi zancen ƙananan halittun ruwa da ke maƙalewa a ƙafar agwagwa. A 2020 masu bincike a Hungari suka ciyar da agwagi ƙwan kifi wajen 8,000, guda 18 suka fito a kashi lafiya, 3 kacal suka ƙyanƙyashe. Yana yiwuwa kenan, amma da ƙyar. Gaiwa kuwa kowa ya sani, laka take shiga ta kwanta har ruwa ya dawo, tarwada kuma in an yi ambaliya jan ciki take ta sauya gida.

Amma abin da ba a cika kawowa ba shi ne bushewar Sahara. Shekara 7,000 da suka wuce Tafkin Chadi ba wannan da muka sani ba ne, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, koguna na gangarowa daga duwatsun Tibesti suna zuba a ciki, kifi na yawonsa ba mai tare shi. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000, kun ga ai ba a kan yashi aka tuƙa shi ba. A Gobero, gefen yammacin hamadar Tenere a Nijar, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da kuma mashin kamun kifi, wurin da yau ko ruwan alwala sai ka taho da abinka.

Sai damina ta fara ja da baya wajen shekara 5,000 da suka wuce, koguna suka tsinke, ruwa ya rage a kwazazzabai da ramuka. Kifin da ke ciki babu inda ya je, ruwan ne ya tafi ya bar shi. Shi ya sa har yau akwai karfasa a wasu tafkunan Uniyanga a arewacin Chadi, a geltar Arshe, wani tafki a kwazazzabon duwatsun Ennedi, kuma kifi ne har da ’yan kadoji, raƙuma na shan ruwa a gefensu.