Firgicin yaƙi da zaman iyalin tsofaffin sojoji

Firgicin yaƙi ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke kama wasu sojoji bayan sun ga kisa, ko sun yi kisa, ko sun sha da ƙyar a fagen daga. Likitoci na sanya shi ƙarƙashin cutar da ake taƙaita sunanta da PTSD, wato damuwar da ke biyo bayan mummunar masifa. Ciwon ba ya tsayawa kan sojan shi kaɗai. Yakan shiga gida tare da shi, ya taɓa matarsa ko mijinta, ya taɓa 'ya'ya.

Tarihin gano shi

A Yaƙin Duniya na Ɗaya an fara zaton girgizar bama-bamai ce ke taɓa ƙwaƙwalwar sojoji, kuma likitan Birtaniya Charles Myers ya yi rubutu a kan lamarin a 1915. Sai a 1980 Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da PTSD cikin kundinta na cututtuka, bayan matsin lambar waɗanda suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Babban binciken da gwamnatin Amurka ta sa aka yi a kan waɗannan sojoji a ƙarshen shekarun 1980 ya nuna cewa kusan kashi 15 cikin ɗari na mazan da suka je fagen na fama da ciwon a lokacin binciken, kusan kashi 30 kuma sun taɓa yinsa. Binciken ya ji ta bakin matansu ma, aka ga rikicin aure, da duka, da matsalar tarbiyyar yara sun fi yawa nesa ba kusa ba a gidajen masu ciwon.

Yadda yake bayyana a gida

Alamomin ciwon sun kasu huɗu: dawowar abin da ya faru a mafarki ko a farke, gudun duk abin da zai tuna shi, sauyin tunani da yanayin zuciya, da kuma zama cikin shirin ko-ta-kwana. Abin da ya ceci ran soja a daji shi ne yake zame wa iyali alaƙaƙai. Mutumin da ya saba barci da kunne ɗaya yakan tashi tsakar dare ya duba ƙofofi sau biyu sau uku. Idan an je cin abinci a waje, sai ya zaɓi kujerar da bayansa zai jingina da bango, idonsa na kan ƙofa. Murfin tukunya ya faɗi a kicin, ya zabura ya daka wa yaro tsawa, bayan minti biyar kuma kunya ta rufe shi ya shige ɗaki. Wasu matan kan raba shimfiɗa da mazansu don gudun naushi ko shaƙa a cikin magagin barci.

Fushin ne mutane suka fi gani, amma bincike da dama ya nuna daskarewar zuciya ta fi cin aure. Mai ciwon yakan daina jin daɗi, ya daina jin shauƙi, ko da yana son iyalinsa. Ana bikin ɗansa yana tsaye kamar baƙo. Matar ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce ba komai. Ita kuma sai ta fassara shirun da ƙiyayya, ko ta ɗauka laifinta ne. Shi a ganinsa kare ta yake yi daga jin abin da ba ya faɗuwa. Kowa na da hujjarsa, tazarar kuma kullum ƙaruwa take yi, har ta kai ga shimfiɗar aure.

Akwai abubuwan da kan ƙara dagula lamarin: shaye-shaye don neman barci, rasa aiki, da raunin ƙwaƙwalwa sanadin fashewar bam, wanda ya yawaita a yaƙin Iraƙi da Afganistan. Likita Jonathan Shay ya ƙara da abin da ya kira raunin lamiri, wato ciwon da ke samun wanda shugabanninsa suka ci amanarsa, daga baya masana suka faɗaɗa shi ya haɗa da wanda ya aikata ko ya ga abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba.

Matan aure da 'ya'ya

Masanin firgici Charles Figley na cikin waɗanda suka yaɗa fahimtar cewa firgici na iya naso zuwa ga mai zama da mai shi. Wata mai bincike, Zahava Solomon, ta bi matan sojojin Isra'ila da suka yi yaƙin Labanan na 1982, ta sami damuwa da kaɗaici da ciwon jiki a tattare da su fiye da sauran mata. Masaniyar zaman iyali Pauline Boss kuwa ta yi bayanin wani irin rashi marar tabbas: mutum na nan da gangar jikinsa, amma wanda aka sani ba ya nan. Ba gawa, ba zaman makoki, don haka ba mai yi wa matar jaje.

Sau da yawa gidan kan sake tsarinsa don lallaɓa ciwon. A rage sautin talabijin, a hana yara kawo abokai, matar ta riƙa zuwa taro ita kaɗai tana ba da uzuri. Da kyakkyawar niyya ake yi, sai dai masana sun lura cewa hakan na taya mai ciwon gudun abin da yake tsoro, gudun kuwa shi ke raya cutar. Yara kan koyi karanta fuskar uba tun daga bakin ƙofa. Wani ya zama mai shiru-shiru, wani ya ɗauki nauyin da ya fi shekarunsa, wani ya kwaikwayi faɗan a makaranta. Binciken da Ostareliya ta fitar a 2014 kan iyalan sojojinta na Biyetnam ya sami ƙarin ciwon damuwa a tsakanin 'ya'yansu bayan sun girma.

Duk da haka, yawancin waɗanda suka je yaƙi ba sa kamuwa da PTSD, kuma yawancin masu ciwon ba sa ɗaga wa iyalinsu hannu. Samun goyon bayan gida na daga cikin manyan abubuwan da ke rage tsananinsa.

Magani

Hanyoyin da suka fi samun shaidar bincike na tattaunawa ne. Akwai ta masaniyar halayyar ɗan Adam Edna Foa, inda ake sa mutum ya fuskanci abin da yake gudu sannu a hankali, da ta takwararta Patricia Resick mai gyara tunanin zargin kai. Wasu masana biyu, Candice Monson da Steffany Fredman, sun tsara wadda ake yi wa miji da mata tare, zama 15, kuma gwajin da aka wallafa a 2012 ya nuna raguwar alamomin ciwon da ƙaruwar gamsuwa da auren. Ana kuma ba da magungunan ciwon damuwa irin su sertraline. Inda akwai duka ko barazana a gidan, likitoci kan fara da tsaron matar da yaran kafin a zaunar da ma'auratan a ɗaki ɗaya.