Amurka da Maƙwabtanta: Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Tambayoyin nan dai su ne kullum, har bakina ya gaji. Ga amsa a wuri ɗaya.

Mece ce Aƙidar Monroe?

Gargaɗi ne da Shugaba James Monroe ya yi a 1823, cewa ƙasashen Turai su daina neman sabon mulkin mallaka a nahiyar Amurka.

To ai kare maƙwabta ke nan?

A takarda. A 1904 Shugaba Theodore Roosevelt ya ƙara da cewa duk ƙasar yankin da ta rikice ko ta kasa biyan bashi, Amurka za ta shiga ta gyara mata zama. Mai gadi ya koma mai gida.

Da gaske Kalifoniya ƙasar Meziko ce a da?

Ƙwarai. Bayan yaƙin Amurka da Meziko na 1846 zuwa 1848 Amurka ta karɓe ta. Ku riƙa duba taswira mana!

Ta yaya mutum zai gane an shiga ƙasa don taimako ne ko don son kai?

Nan ne wuyar, kuma kada wani ya ce muku akwai ma'auni ɗaya. Ni dai abin da nake dubawa shi ne wa ya riƙe kuɗi bayan an shiga. Ku ɗauki Haiti, ƙasa a yankin Karibiyan. A Disamban 1914 sojojin Amurka suka kwashe zinare na dala 500,000 daga bankin ƙasar zuwa New York. A Yulin 1915 jama'a suka kashe Shugaba Guillaume Sam, bayan an karkashe fursunonin siyasa a kurkuku, sai sojojin Amurka suka mamaye ƙasar. Rikicin gaskiya ne, ba ƙirƙira ba, don haka wanda ya ce an shigo kwantar da tarzoma yana da abin kamawa. An kuma yi hanyoyi da asibitoci, ban musa ba. Amma kuɗin kwastan ya koma hannun Amurkawa, tsarin mulkin 1918 ya bai wa baƙi damar mallakar ƙasa, hanyoyin kuwa da aikin tilas da aka sa talakawa aka shimfiɗa su. Charlemagne Péralte da ya yi tawaye, a 1919 aka kashe shi, aka ɗaure gawarsa a jikin ƙyaure aka ɗauki hoto aka rarraba don tsoratarwa. Sojojin ba su fita ba sai 1934. Wataƙila wasu cikinsu da niyyar alheri suka je, zuciya ba a ganinta. Amma niyya daban, wanda ya ci riba daban, kuma sau da yawa duka biyun suna tafiya tare. Idan kun ruɗe, ba laifinku ba ne, masana ma suna gardama a kai.

Ba tsoron kwaminisanci ne ya jawo duka ba?

Haba! An mamaye Haiti tun kafin juyin juya halin Rasha na 1917. A Guatemala an kawo wannan hujja a 1954 aka kifar da Shugaba Jacobo Árbenz, amma ku tuna ya taɓa gonakin kamfanin ayaba na United Fruit.

Guantanamo fa?

Sansanin sojan ruwa ne a gaɓar Kuba, tun 1903 yake hannun Amurka da sunan haya. Kuba ta ce a tashi, ba a tashi ba.