Waiwaye: Yadda Wankin Ciwon Faɗuwar Babur Ya Koma Bakin Titi

Duk lokacin da aka sake tayar da zancen 'yan acaɓa a Arewa, muhawarar ba ta wuce gaɓa biyu: a hana ko kada a hana, a tilasta hular kwano ko a ƙyale. Masu kira a gidajen rediyo kan kafa hujja da gawarwaki da karaya, kuma suna da gaskiya. Sai dai mafi yawan waɗanda babur ya kayar ba mutuwa suke yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke rasuwa a haɗuran hanya duk shekara, amma masu samun rauni sun kai miliyan 20 zuwa 50. Mutum ya tashi ya karkaɗe riga, gwiwa ta ƙuje, salansa ta ƙona ƙwauri, jama'a su ce Allah ya kiyaye gaba. Abin da ake yi wa wannan ciwon a minti goma sha biyar na farko, shi ne ba a kawo shi a muhawara, alhali shi ke sa ƙujewar sati guda ta zama gyambon wata uku.

Farkon labarin sananne ne. Tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, darajar naira ta faɗi daga 1986, masaƙu da masana'antun Kakuri da Bompai da Sharaɗa suka fara rage ma'aikata. Ma'aikaci ya tashi aiki ya ɗauki Honda ko Yamaha ɗinsa ya fita neman na cefane. A Kano aka ce acaɓa, a Sakkwato da Maraɗi aka ce kabu-kabu. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988. Daga baya baburan Sin da na Indiya masu araha suka cika kasuwa, sana'ar ta koma hannun samari.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wani sauyi da ya faru a waɗannan shekarun dai, a ɓangaren lafiya. A da, wankin ciwo aikin diresa ne. Tun zamanin En'e, ɗakin shan magani na gari yana da mutumin da ya san wannan aiki: ya wanke ciwo da tafasasshen ruwa, ya cire yashi, ya naɗa bandeji, ya ce ka dawo jibi. Kuɗin, in ma akwai, bai taka kara ya karya ba. Da aljihun ƙasa ya bushe, kantocin magani na asibitoci suka zama wayam, aka fara rubuta wa mara lafiya auduga da bandeji da safar hannu ya je ya sayo. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin sayar da magani da rahusa a juya kuɗin, kuma tsarin ya dawo da magani wurare da dama. Amma tun kafin nan talaka ya riga ya koyi lissafi. Ɗan acaɓan da ya ƙuje hannu zai duba kuɗin kati, ya duba layi, ya tuna mai babur na jiran balas da yamma. Sai ya taka zuwa kemis ɗin bakin titi.

A nan ne, a ganina, al'amarin ya karkace, ba don mai kemis mugu ba ne. Sau da yawa shi kaɗai ne a buɗe, kuma yana ba da bashi. Matsalar ita ce lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, ba na wankin ciwo ko allura ba, kuma yaron shago ya koyi aikin ne da ido. Shago kuwa abin da ke kan kanta yake miƙawa: sifirit, aidin, shuɗin maganin nan, kafso a buɗe a barbaɗa garinsa. Abu mafi muhimmanci a taimakon farko ba ya cikin kayan sayarwa, wato ruwa mai tsabta da haƙurin zuba shi har datti ya fita. Sannu a hankali jama'a suka ɗauka cewa magani shi ne abin da ya yi zafi ko ya bar launi. Wanda bai kai kemis ba sai ya nemi madadi a wajen bakanike: fetur, baƙin mai, har ruwan batir, wanda asid ne mai cin nama. Ƙunar salansa kuma a lafta mata makilin ko ɗanyen ƙwai ko manja.

Ilimin likitanci bai tsaya jiranmu ba. Tun 1962 binciken wani masanin kimiyya mai suna George Winter a Ingila ya nuna cewa ciwon da aka rufe yana da ɗan danshi ya fi saurin haɗewa a kan wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Mu har yau cewa muke a bar shi ya sha iska, a kan titin da ƙura da ƙuda ke jira. Sifirit kuma, in aka kwarara shi cikin buɗaɗɗen ciwo, yana lalata naman da zai yi aikin warkewa.

Abin takaici, ruwan yana nan. Tun shekarun 1990 babu mahaɗar da ba a sayar da fiya wata. A wurin haɗari za ka ga an fasa leda an yayyafa wa mutum a fuska, a ɗura masa a baki ko da a sume yake, abin da ka iya shaƙe shi, amma ba a tuna a zuba wa ciwon. Ga yadda ya kamata: mai taimako ya wanke hannunsa, ya danne wurin da ke jini da tsabtataccen ƙyalle kamar minti 10 ba tare da yana ɗagawa yana leƙe ba, ya wanke ƙujewar da ruwa mai yawa har yashi ya fita, sabulu a gefe-gefe, sannan ya rufe. Ƙuna kuma ruwa mai ɗan sanyi take so na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba, kuma ba a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa. Targaɗe hutu yake buƙata da sanyi da ɗaga ƙafa. Murzar ranar farko ƙara kumburi take yi.

Abubuwan da suka biyo baya duk sun bi ta gefen wannan. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja a 2006. A ranar 1 ga Janairun 2009 aka fara tilasta hular kwano, wasu suka kifa ƙwarya da robar fenti a ka. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013 saboda tsaro, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu ya maye gurbi a birni, babur ya ci gaba da aikinsa a ƙauyuka da garuruwan da ba a hana ba, da ɗabi'ar wankin ciwo yadda take.

Akwai kuma allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, wanda ƙwayarsa ke zaune a ƙasa da kashin dabbobi. Diresa yakan tambaya, bakin titi ba ya tambaya. Mata da yawa sun samu wajen awon ciki. Samarin da ke kan babur kuwa, wasunsu rabonsu da ita tun suna goye. In ciwo ya kwashi datti kuma an haura shekara 5 da yin ta ƙarshe, ana buƙatar wata. Wanda kansa ya bugu har yana amai ko magagi ko jini na fita ta kunne, da mai ciwon wuya, da wanda ya kasa taka ƙafa, da ciwon da ya buɗe baki ko ya fara ruwa da zazzaɓi, waɗannan sun wuce kemis. Mai ciwon wuya ma ba a ciccibarsa; a kira 122, lambar gaggawa ta jami'an kiyaye haɗura, a bar shi a kwance yadda yake har su iso.